Kyandir ɗin Uwar Amarya

Ranar Lahadi ce, rana ta take a kan rufin gidajen Seoul, amma ɗakin Sori kamar magariba. Labule biyu ta haɗa a taga, mai kauri a bayan marar kauri. Tana kwance a ƙasa, fuskarta lulluɓe da farin ƙyalle mai danshi wanda aka huda wa ido da baki, tana jiran minti ashirin su cika. Yau kwana sittin da uku rabon da ta bar rana ta taɓa ta.

Wayarta ta yi ƙara. Umma ce, kiran bidiyo daga tsibirin Jeju. Sori ta amsa, amma ta bar kyamararta a rufe.

"Ke, ina fuskar taki? Duhu kawai nake gani."

"Kyamarar ce ta lalace, Umma."

"Kullum a lalace. Kin ci abinci?"

"Na ci."

Ba ta ci ba. An hana ta yaji, an hana ta soyayye, an hana ta gishiri da yawa, abin da ya rage kuma ba ya shiga idan mutum shi kaɗai ne.

Umma tana zaune a bakin teku cikin baƙar rigar roba ta nutso, gashinta a jiƙe, shatin gilashi ya zagaye mata fuska. Fuskar baƙa ce, iska da gishiri sun tsattsaga ta. A bayanta matan nutso suna jin ɗumin wuta suna hayaniya. Wata ta turo kai cikin hoton. Gwaggo Okja ce, maƙwabciyarsu.

"Amaryar Gangnam, unguwar masu kuɗi, an ce ana ta wanke ki kamar shinkafa. Buɗe mu gani mana, ko kin zama madara?"

"Gwaggo, ina wuni."

"Ji, muryar ma ta yi fari."

Matan suka kwashe da dariya. Umma ta ture ta, ta ce, "Rabu da ita. Asabar ɗin nan ce dai ko? Na sa an goge mini rigata."

"Ita ce, Umma. Zan zo filin jirgi in ɗauke ki."

Da ta ajiye wayar, ɗakin ya ƙara yin shiru. Ƙyallen ya bushe a fuskarta ba ta cire ba.

Sori tana 'yar shekara shida babanta ya rasu. Da numfashi Umma ta raine ta. Sai ta ja iska ta nutse ƙarƙashin teku, ta ɓamɓaro ƙumba da dodon-koɗi daga jikin duwatsu, ta taso tana fito. Sori kuwa a kan baƙaƙen duwatsun gaɓa ta girma, tana sauraron wannan fito, rana na gasa ta. Da ta zo Seoul ta samu aiki a wani ƙaramin shagon littattafai, a nan Munho ya gan ta. Injiniya ne mai zana gadoji, marar yawan magana. Sai da ya sayi littafi bakwai da bai karanta ba kafin ya iya tambayar sunanta. Shekara biyu suna tare bai taɓa cewa komai a kan launinta ba, sai rana ɗaya da ya ce ɗigon da ke kumatunta kamar an barbaɗa kirfa. Ta daɗe tana tuna wannan magana.

Mahaifiyarsa kuwa, Madam Cha, fuska ce sana'arta. Shekara ashirin da biyar tana gyara 'yan wasan talabijin kafin ta buɗe gidan gyaran fata a Gangnam, bangonsa cike da hotunan taurarin da suka bi ta hannunta. Shekarunta sittin da ɗaya, wanda bai sani ba zai ce arba'in. Ranar da Munho ya kai Sori ta gaishe ta, kafin ta tambayi su wane ne iyayenta sai ta kama haɓarta ta juya ta wajen taga.

"Kwana ɗari," ta ce. "Babu rana, babu teku. Duk Talata ki zo a haska miki leza, hasken da ke goge ɗigon fata. Matar ɗana ita ce allon shagona, ki gane wannan tun yanzu."

Sori ta ce to. Tana son Munho, kuma ta ɗauka maganar fata ce kawai.

Ranar Asabar aka yi zaman ganin juna na iyaye, a wani keɓaɓɓen ɗaki na gidan abinci. Su huɗu ne kawai, don baban Munho ma ya daɗe da rasuwa. Umma ta rusuna sosai, ta miƙa akwati naɗe da ƙyalle da hannu biyu. Manyan ƙumba ne da ta nutso da kanta kwana biyu da suka wuce. Madam Cha ta karɓa ta yi godiya yadda ya kamata, amma idonta bai sauka a kan akwatin ba.

"Suruka, kina shafa wani abu kafin ki shiga ruwa?"

"Gilashina nake goga wa ganye don kada ya yi hazo," Umma ta ce tana dariya. "Fuskar kuwa ta saba."

Munho ya yi dariya, shi kaɗai.

"Kin san mu biyu za mu fara shiga zauren biki," in ji Madam Cha. "Ke cikin ruwan hoda, ni cikin shuɗi, mu je mu kunna kyandir. Kafin amarya ta fito, idon kowa a kanmu yake."

"Na sani, suruka. Shekara ashirin ina jiran ranar."

Madam Cha ta yi murmushi, irin wanda ta saba yi don kada gefen ido ya tattare.

Bayan an tashi, Sori ta raka Umma filin jirgi. Akwai wani ƙaton allon talla, fuskar wata tauraruwa fara sol kamar cikin faranti. Umma ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta kai hannu kumatunta ta sauke.

"Kin yi haske, Sori. Ɗazu da safe na kusa wuce ki."

"Umma…"

"Kyau kika yi. Je ki, kada rana ta same ki."

Talatar da ta biyo baya, Sori tana kwance a gidan gyaran fata, fuskarta na raɗaɗi bayan leza, Madam Cha ta sallami ma'aikatanta ta ja ƙofa. Ta ɗora mata hotuna uku a ƙirji. Mata ne uku cikin hanbok, rigar gargajiya ta biki, ruwan hoda, dukkansu farare, masu santsin goshi.

"Zaɓi ɗaya."

"Su wane ne, Mama?"

"Kada ki yi kamar yau kika zo Seoul. Ana hayar ƙawayen amarya, ana hayar kawu, ana hayar abokan ofis don zaure ya cika. Ta tsakiyar nan ta yi uwar amarya ya fi sau goma. Ta san inda ake rusunawa, ta san lokacin da ake share hawaye."

Sori ta tashi zaune. "Ummata tana da rai."

"Na ce ta mutu ne? Za ta zo. Ta zauna a teburin baya da mutanen ƙauyenku, ta ga komai, ta ci abinci. Minti uku ne kawai. 'Yan fim za su zo bikin nan, da masu ɗaukar hoto. Kafin a yanka kek hoton ya zaga gari. Kina so a riƙa miƙa wa juna hotonta ana dariya? Kare ta nake yi, yarinya."

Ya kamata a ce Sori ta miƙe ta fita. Amma ta dubi bangon da ke cike da fararen fuskoki, ta tuna kwana saba'in da ta yi a duhu, ta tuna Munho. Ta ce, "Zan yi tunani."

Washegari ta sami Munho a lokacin hutun cin abincin rana, a gindin ginin ofishinsu, tana tsaye a inuwa da laima da hula.

"Yaya, ka san abin da Mama ta ce?"

Ya shafa goshi. "Ta faɗa mini. Zan yi mata magana."

"Yaushe?"

"Kin san Mama. Bari ta ɗan huce tukuna."

Mama ba ta huce ba, shi kuma bai yi magana ba. Aiki ya kai shi wata gada a kudu, sai saƙo yake turowa, gajere. Sori ta ci gaba da tafiya shago da sassafe tana dawowa bayan rana ta faɗi. Kwana ɗari suka cika, aka ƙara mata wasu. A madubi ɗigon kumatunta sun ɓace ɗaya bayan ɗaya. Mata a jirgin ƙasa sun fara tambayarta man da take shafawa. Hotunan nan uku suna cikin littafin da ke kan matashinta, ba ta zaɓa ba, ba ta kuma yaga ba.

Kiran Umma ma ya sauya. Ta daina kiran bidiyo, sai murya kawai.

"Tawa kyamarar ma ta lalace," ta ce. "Da alama ciwon yana yaɗuwa."

Sori ta ji sauƙi a ranta, don ba sai ta haɗa ido da ita ba. Ba ta tambayi me ya sa ba ta ƙara jin ƙarar teku da hayaniyar mata a bayan muryar ba.

Wata safiya cikin watan Yuli Gwaggo Okja ta kira, babu wasa a muryarta.

"Ke 'yar nan, uwarki yau kwana arba'in ba ta shiga ruwa ba. Lokacin kamun bushiyar teku, mai ƙayar nan, ya zo yana wucewa, ita da ta fi kowa kamu. Ta rufe ƙofa, ko ni sai ta taga take amsa mini. In kin gama zama madara, ki zo ki ga abin da ya rage."

Sori ta hau jirgi zuwa Jeju, da azahar ta sauka daga bas a ƙauyensu. Tulun nutson Umma mai ruwan lemo, wanda take dafawa ta huta a kan ruwa, yana rataye a katangar dutse, ya bushe ƙayau. Ta tura ƙofa. An rataya barguna a tagogin duka, ɗakin ya yi duhu, irin duhun da ta sani sarai. Umma tana zaune a lungu, ta yi sauri ta ja tawul ta rufe fuska.

"Wa ya ce ki zo? Okja ko? Bakinta ba ya rufuwa."

"Umma, cire."

"Mura ce."

Sori ta durƙusa ta janye tawul ɗin a hankali. Kumatun biyu sun saluɓe, ja jawur, suna tsattsafo da ruwa. Goshin ya yi dabbare-dabbare, wani wuri fari kamar ƙuna, wani wuri ya fi da baƙi. A kan tabarma ga wata kwalba mai hoton wata farar mace, ta uku ke nan, biyu sun ƙare.

"Wani mai mota ne a kasuwar da ke ci duk kwana biyar," Umma ta ce, idonta a ƙasa. "Ya ce sati uku ya isa. Ya ce 'yan talabijin ma shi suke shafawa. Da ya fara zafi sai na ce aiki yake yi, na ƙara yawa."

"Don me, Umma?"

"Na ga yadda take kallona. Ni ba yarinya ba ce. Na ce in na daina shiga rana, na shafa wannan, ranar bikin ba za ki ji kunya ba."

Nan Sori ta fashe da kuka, ta faɗa mata komai, da hotunan, da matar tsakiya, da teburin baya, da amsar da ta bayar. Umma ta saurara har ƙarshe.

"Ta iya tafiya cikin hanbok?" ta tambaya daga baya. "To ki bar ta ta yi. Yanzu ma ai ba ni da fuskar shiga gaba. Daga baya ma ana ganin amarya."

Sori ta miƙe ta fizge bargunan daga tagogi, ɗaya bayan ɗaya. Ta fita tsakar gida, cikin rana, babu hula, ta kira Munho.

"Yaya, Ummata ce za ta kunna kyandir, ko kuma babu biki."

"Sori, ki kwantar da hankali. An riga an kama zaure. Minti uku ne kawai, bayan haka rayuwarmu ce mu biyu…"

"Ka san sau nawa ta riƙe numfashinta a ƙarƙashin ruwa don in ci abinci? Ba ta taɓa hayar wata ta nutse mata ba."

Ta jira, ta jira. Daga ƙarshe ta kashe wayar. Washegari ta sa zoben baikon da ya ba ta a ambulan ta kai gidan waya.

Watannin da suka biyo baya masu tsawo ne. Duk sati tana ɗaukar Umma a bas zuwa wajen likita a cikin gari. Ciwon ya bushe a hankali, amma tabon ya zauna. Umma ta daina zuwa kasuwa, ta daina zama da mata a bakin wuta. Sori ta bar aikin shagon littattafai ta shiga gonar lemo tana cire ciyawa, daga baya tana tsinka. Rana ta mayar mata da launinta, ɗigon suka dawo har da sababbi. Da la'asar takan zauna a kan katanga da littafi a cinya, ba ta karantawa. Duk bas ɗin da ya tsaya a bakin hanya sai ta ɗaga kai. Ba ta kira shi ba ko sau ɗaya, ba ta kuma goge lambarsa ba.

"Ki manta da shi," Gwaggo Okja ta ce mata wata rana. "Mai zana gada da ya kasa tsallake ɗakin uwarsa. Ga ɗan mai jirgin kifi nan, kunnuwansa ne kawai manya."

"Ba mugu ba ne, Gwaggo. Tsoro ne ya yi masa yawa."

"To ki zauna jiran matsoraci, lemo zai riga shi nuna."

Lemon kuwa ya riga shi. Sai cikin Nuwamba ya zo, ya rame, jaka ɗaya a kafaɗa. Sori tana gona. Umma ce ta buɗe masa ƙofa, ta manta ba ta ɗauki tawul ba. Da Sori ta dawo ta tarar da shi zaune gaban ƙaramin tebur, miyar ciyawar teku da shinkafa sun huce a gabansa, Umma tana ta ba shi haƙuri.

"Ka yafe mini, ɗana, ni na ɓata muku biki da wautata. Ci abinci, ka rame."

Munho ya ture teburin gefe, ya miƙe, ya sake durƙusawa, ya kai goshinsa ƙasa a gabanta, babbar gaisuwar da ake yi wa iyaye. Ya daɗe bai ɗago ba. Da zai tafi Sori ta raka shi bakin hanya.

"Ban zo in roƙe ki ba," ya ce. "Ban kai ba tukuna. Na so in gani da idona ne, don na daɗe ina kawar da kai."

"Sai me, Yaya?"

"Sai in je in yi maganar da na ce zan yi tun watan Mayu."

Ya yi ta. Ya gaya wa mahaifiyarsa cewa ba zai shiga zauren da baƙuwa ke zaune a kujerar uwar Sori ba, ba kuma zai shiga da wata amarya ba. Ya kwashe kayansa ya kama ɗaki kusa da ofis. Bai daina gaishe ta duk Lahadi ba, amma a bakin ƙofa yake tsayawa.

Sati uku Madam Cha ta iya jurewa. Wata safiya mai sanyi tasi ta tsaya a bakin katangar dutse, ta fito da faffaɗar hula da baƙin gilashi da safar hannu, ta buɗe laima ko da yake gari a lumshe yake. Gwaggo Okja tana shanya ciyawar teku a kan katanga, ta dube ta sama da ƙasa.

"Sori, fito, ga wata ta zo da laima, babu ruwa babu rana."

Madam Cha ba ta ko kalle ta ba. Da Sori ta fito ta rusuna, sai ta ce, "Dubi abin da kika yi wa aikina. Wata huɗu na hannuna." Ta ja numfashi. "Ba wannan ya kawo ni ba. Ki sakar mini ɗana. Ki kira shi ki ce masa kin haƙura."

"Ban riƙe shi ba, Mama. Zobensa ma na mayar."

"To me kike so?"

"Abin da na faɗa tun farko."

Ƙofa ta buɗe. Umma ta fito da tiren shayi, kanta a sunkuye. "Suruka, ki shigo daga sanyi."

Madam Cha ta juya, ta ga fuskar Umma. Munho ya faɗa mata, amma ta ɗauka ƙari ya yi. Ta cire gilashin, ta matso, ta ɗago fuskar Umma tana duba tabon ɗaya bayan ɗaya, daga goshi zuwa haɓa.

"Ina kwalbar?"

Sori ta kawo. Ta buɗe ta sansana, ta yi saurin rufewa.

"Wa ya ce ki shafa wannan? Wannan ko a bango ba a shafa shi."

"Babu wanda ya ce, suruka. So na yi in tsaya kusa da ke a ce ba laifi. Ke fa kyakkyawa ce. Ni ce ban san yadda ake yi ba."

Iska tana kaɗa laimar da ta faɗi ƙasa, Madam Cha ba ta kula ba.

"Shekara talatin da biyar ina taɓa fuskar mutane," Madam Cha ta ce a hankali. "Abin da nake taƙama da shi ke nan, ban taɓa ɓata ko ɗaya ba." Ta sake duban Umma. "Wannan ko taɓa ta ban yi ba."

Ta zare safar hannunta ta cusa a aljihu. "Ke, kawo ruwan ɗumi da tsabtataccen ƙyalle. Me likitan ya ba ta? Kawo in gani."

Kwana huɗu ta yi a gidan, tana kwana a ƙasa tana ƙorafin bayanta. Daga nan duk sati biyu sai ta hau jirgi ta zo da jakarta. Ba ta sauya hali ba. Tana faɗa a kan gishirin miya, tana bin Sori da hula, ita da Gwaggo Okja kuwa ba sa haɗuwa ba su yi ba. Amma hannunta mai taushi ne, fatar Umma ta daina tsagewa, ta daina raɗaɗi. A ƙarshen sanyi Umma ta koma ruwa.

Wata rana bayan ta gama shafa mata magani, Madam Cha ta zauna ta faɗi gaskiya.

"Tabon nan ba zai tafi ba, Maman Sori. Ya yi zurfi. Kuma ba zan yarda a sa miki hoda ba nan da shekara, fatar ba za ta ɗauka ba."

Umma ta gyaɗa kai. "To ki kira waccan matar. Ni na riga na ce ba komai."

"Wace mata?" Madam Cha ta rufe jakarta da ƙarfi. "Ke dai ki koyi tafiya a hankali. Kina taku kamar teku zai gudu ya bar ki."

Sori tana bayan ƙofa da tire a hannu. Ta ajiye shi a ƙasa, ta fita bayan gida, ta kira lambar da ta yi wata takwas ba ta kira ba.

An yi bikin cikin watan Mayu a Seoul. Taurarin sun zo, masu ɗaukar hoto sun zo, matan nutso goma sha ɗaya ma sun zo, suka cika tebur biyu da hayaniya. Da aka buɗe ƙofar zaure iyaye mata biyu suka shigo, ɗaya cikin shuɗi, fara kamar takarda, ɗaya cikin ruwan hoda, baƙa, fuskarta duk tabo, babu hoda ko kaɗan. An yi 'yan raɗe-raɗe. Wata ta ɗaga gira, wata ta rufe baki da hannu. Madam Cha ta ji su sarai, ta san muryar kowacce, amma ba ta saki hannun da ta riƙe ba.

Sori tana leƙe daga bayan labule cikin farar riga. Ta ga Umma ta kunna nata kyandir da taɓawa ɗaya. Na Madam Cha ya ƙi kamawa, don hannunta rawa yake yi, wutar tana ta kaucewa lagwani. Umma ta miƙa hannu ta tallafe mata wuyan hannu har ya kama. Sannan suka juyo tare suka rusuna wa jama'a.

Gyaran jiki ba laifi ba ne, kowace mace tana son ta ga kanta da kyau. Amma ranar da aka ce sai kin ɓoye wadda ta haife ki kafin a karɓe ki, ki sani abin ya wuce maganar fata. Sori ta yi kuskure sau ɗaya, ta ce za ta yi tunani a inda babu abin tunani, kuma uwarta ce ta ɗauki tabon har ƙarshen rayuwarta. Da ta gane, ta tsaya a kan magana ɗaya, ba ta zagi kowa ba, ba ta roƙi kowa ba, ta haƙura da kaɗaici har waɗanda suka juya baya suka dawo da ƙafarsu. Ta samu mijinta, uwarta kuma ta zauna a kujerarta.